Memunatu Mai Raka Mata Asibiti

Tun da likitoci suka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji, jim kaɗan bayan Ghana ta sami 'yanci, Memunatu ba ta ƙara daka gero ba. Hannunta na hagu yakan kumbura ya yi nauyi. Ƙanwarta ta karɓi sana'ar koko da ƙosai a bakin hanya a unguwar Nima, ita kuma ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Duk inda mata suka taru, suna ko biki, sai ta ja su ɗaki ta sauke zane ta nuna musu tabon.

"Ga ni da raina," take cewa. "In kin ji ƙullutu, kar ki jira ya fashe. Zo in raka ki asibiti."

Da farko sukan tausaya mata. Daga baya aka fara cewa bakinta ne ke kiran ciwon, har wasu gidajen suka daina aiko mata goron gayyata.

Wata safiya wani lebura mai suna Issifu ya zo wurinta daga unguwar Maamobi. Matarsa Lamisi ta daɗe tana shafa magani a ƙirji, yanzu wari ya hana maƙwabta shiga ɗakin.

"Mma, an ce macen da ta shiga asibitin nan ba ta fitowa cikakkiya," in ji shi.

"Ni ma ban fito cikakkiya ba. Amma na fito."

Suka ɗora Lamisi a trotro, motar haya. Ba ta jin yaren Ga, ba ta jin Turanci, don haka Memunatu ce ta tsaya a layi, ita ce ta amsa tambayoyin nas. Likita ya duba, ya ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi, aiki ba zai yi amfani ba. Ya ba da maganin rage zafi.

A hanyar komawa Lamisi ta tambaya, "Yaya, yaushe za su yanka ni?"

"Sun ce ki fara samun ƙarfi," in ji Memunatu, tana kallon waje.

Duk daminar nan ta yi ta tsallaka kwata zuwa Maamobi, ta wanke gyambon da ruwan ɗumi da gishiri, ta sauya tsumma, ta ba ta kunu. Lamisi ta rasu kafin ruwa ya ɗauke.

Mijin Memunatu, Malam Kadiri tela, ya ga ta dawo tana riƙe da hannun da ya kumbura.

"Allah ya tsirar da ke daga naki, kin je kin ɗauko na mutane," ya ce.

"Na gama, Malam. Masu ji ba su da ciwon, masu ciwon ba sa zuwa sai ya ci su."

Ranar sadakar ukun Lamisi, Iya Fuseina, tsohuwar da ke wankan gawar mata a unguwar, ta zauna kusa da ita a tabarma.

"Ɗiyata, abin da na gani a ƙirjin yarinyar nan ba yau na fara ganinsa ba. Ban san ana kama shi da wuri ba, sai da na ga naki." Ta gyara mayafi. "Ni nake yi wa masu jego wanka ma. Ni ba sa ɓoye mini jiki. In na taɓa abin da ban yarda da shi ba, zan turo miki."

Memunatu ta tuna layin asibiti, da mazan da sai an roƙe su.

"Iya, na gaji."

"Na sani. Akwai ɗaya ma yanzu, matar Seidu mahauci. Ƙullutun nata bai wuce girman gyaɗa ba."

Memunatu ta sauke numfashi.

"Ki ce mata Litinin, da sassafe. Seidu kuma ke za ki yi masa magana, ni bakina ya ƙare."