Mai Buhu a Gonar Citta

Jini Osita ya zo nema wurin Ƙasimu. Wata safiyar Talata ce a shekarar 1995, Ƙasimu yana bayan teburinsa a layin mahauta na kasuwar Kafanchan yana sarar ƙashi, sai ga Osita da jarka biyu a hannu.

Osita ɗan wani tsohon direban jirgin ƙasa ne, a unguwar ma'aikatan reluwe aka haife shi. Yana da gidan kallo, ɗaki ɗaya mai benci takwas da talabijin da bidiyo. Finafinan da suka fi tara masa jama'a su ne waɗanda samari da 'yan mata kan shiga daji yawo, wani ƙato mai rufaffiyar fuska ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana yankawa. Ya kalle su har ya haddace, ya ga ba abin da ke ciki sai daji da ihu da jini. Daji kuwa ga shi nan ko'ina. Sai ya aro kyamarar da ake ɗaukar biki da ita, ya ce shi ma zai yi nasa.

"Malam Ƙasimu, jini nake so, na gaskiya," in ji shi. "Na gwada zoɓo da sitaci, a kyamara ya fito kamar abin sha."

"Zai daskare kafin ka isa inda za ka. Sai an kaɗa shi an zuba gishiri."

Ƙasimu ya ɗaga adda ya sauke a kan ƙashi. Osita ya tsaya yana kallon faɗin kafaɗarsa.

"Tsaya. Sake ɗaga addar nan in gani."

Ƙasimu ya sake ɗagawa.

"Kai ne! Wallahi kai nake nema. Ba magana za ka yi ba, buhu kawai za mu sa maka a kai."

Ƙasimu ya ce to. Shekara uku ke nan duk abin da aka ce masa, amsarsa ke nan. Ƙaninsa Badruddeen ya kai kaya Zangon Kataf a makon da rikici ya tashi a 1992, bai dawo ba. Ƙasimu ya je da kansa, ya bi gawarwaki yana buɗe fuskoki har ya kai ga ta ɗan'uwansa. Bai yi kuka a wurin ba, ya ce sai ya dawo gida. Ya dawo gida, kukan bai zo ba. Tun daga nan yana cin abinci, yana zuwa kwata, yana sallah a kan lokaci, amma komai sai ya ji kamar wani ne ke yi shi yana kallo.

Matarsa Sa'adiya ta ajiye masa tuwo ta tsaya a kansa.

"Maigida, a ƙasar nan? Ka riƙe adda ka bi 'ya'yan mutane a daji? Ka manta inda muke?"

"Wasa ne."

"Wasa," ta ce, ta fita.

Ranar Asabar suka cika ƙaramar bas zuwa wani ƙauye gaba da Fadan Kagoma, inda gonakin citta suka kai har gindin duwatsu. Ba su da fitila ko janareto, don haka duk kisan da rana tsaka za a yi shi. Osita ya ce ya riga ya aika wa mai unguwa. Cikin 'yan wasan akwai Andrawus, malamin firamare, da Paulina, wata tela mai shago kusa da tasha, wadda ta huda wa buhun ido biyu ta ɗinke bakinsa da baƙin zare.

Andrawus aka fara kashewa. Aka cusa masa hanjin akuya a riga, aka kwantar da shi a kan dutse. Sau huɗu ana maimaitawa, don da ƙudaje sun sauka masa a fuska sai ya fashe da dariya. Osita ya ɗauki jarka zai kwarara masa jini a wuya.

"Ba haka yake fita ba," in ji Ƙasimu daga cikin buhu. "Tsartuwa yake yi, ya tsaya, ya sake tsartuwa. Daga baya ya riƙa bin ƙasa a hankali."

"A dabba ke nan," in ji Osita. "A mutum fa?"

"A mutum ma."

Osita ya miƙa masa jarkar, shi ya zuba.

Da rana ta take aka zo kan Paulina. Osita ya ce ta ratsa gonar citta da gudu tana ihu, Ƙasimu kuma ya bi ta da tafiya kawai, kada ya yi sauri, haka ake yi. Shi Osita ya hau wani dutse da kyamara don ya ɗauko su daga nesa. Paulina ta zuba da gudu, rigarta jage-jage da jini, tana kururuwa har muryarta ta shaƙe. Ƙasimu ya bi ta. Cikin buhun akwai zafi da warin tsohuwar masara, ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa.

Shi ya sa bai ga wata tsohuwa ba. Afiniki sunanta, tana dawowa daga gona da dammin itace a ka. Ta yar da itacen ta kwarma ihu da yarensu, ta nufi gari. Saƙon Osita bai taɓa isa wurin mai unguwa ba. Wani direba ya ba wa, direban ya manta.

Kafin Paulina ta kai ƙarshen gonar, maza sun fito ta ko'ina, da sanduna da fartanya, biyu da kwari da baka. Ƙasimu ya tsaya. Ya ji ana ce masa ya yar da adda, ya duba hannunsa, ashe har yanzu tana nan. Kafin ya buɗe yatsunsa sanda ta sauka masa a kafaɗar dama, ya durƙusa. Wani ya fizge buhun.

"Bahaushe ne!"

Da'irar ta matso. Daga inda yake durƙushe, ƙafafu kawai yake gani: takalman roba, da laka a idon sawu, da wani babban yatsa da farcensa ya fita. Ya ce a ransa, ashe abin da Badruddeen ya gani ke nan. Ya jira tsoro ya zo. Ya lura cewa gwiwarsa ta danne wani tushen citta, sai ya ɗan gyara don kada ya ɓata wa mai gona.

Paulina ce ta kutsa ta faɗa a kansa ta rufe shi da jikinta. Uwarta 'yar wannan yankin ce, sai ta riƙa ihu da yaren Kagoma, tana kiran sunan gidan kakanninta, tana yage rigarta ta wajen ciki don su ga ba rauni. Ana cikin haka Andrawus ya iso da gudu, hanjin akuya na reto a gabansa, yana cewa, "Fim ne, jama'a! Don Allah, fim ne!"

"Yesu!" in ji Afiniki, ta zauna daɓas a ƙasa.

Wani saurayi ya fara dariya, wasu suka kama. Amma ba kowa ya yi ba. Mai unguwa ya iso yana haki, ya sa aka sauko da Osita daga dutse, ya yi masa tatas a gaban kowa.

"Kai ba a nan aka haife ka ba? Ba ka san abin da idon mutane ya gani ba? Da an kashe mutumin nan, gobe gari nawa za a ƙone?"

Afiniki ta kawo wa Ƙasimu ruwa a ƙwarya. Ya sha, ya yi godiya. A bas, Paulina ta yi ta kuka har Kafanchan.

"Baba Ƙasimu, ka yi haƙuri. Ba ka ji tsoro ba?"

"Ban sani ba," ya ce.

Osita bai kashe kyamara ba a duk wannan abin. Da ya kalli kaset ɗin, ya ga ba abin da ya ɗauka da ya kai wannan, sai ya mai da shi ƙarshen fim: mutanen ƙauye sun kama Mai Buhu. Ranar da aka fara nunawa, da la'asar, ɗakin ya cika har taga, Musulmi da Kirista a benci ɗaya. Sauti na shiga yana fita, hoton na rawa, ba wanda ya damu. Da sanda ta sauka aka yi shewa. Da aka fizge buhu, wasu suka miƙe suna kiran sunansa, suna juyowa suna tafa masa.

Ƙasimu na tsaye a bakin ƙofa. Ya kalli mutumin da ke durƙushe a talabijin, fuskarsa kamar ta mai jiran mota a tasha. Bai tsaya ganin sauran ba.

Kumburin kafaɗar ya ƙi sauka. Mako uku bai iya ɗaga adda ba, wani ɗan'uwansa ya riƙe masa teburi. Kullum bayan azahar Sa'adiya kan dafa ruwa ta gasa masa da tsumma a tsakar gida. Ta ji labarin gonar cittar a bakin maƙwabta, ba ta tayar masa da zancen ba. Wata rana ta danna wurin da ƙarfi, ya ja numfashi ta haƙora.

"Da zafi?"

"Da zafi."

Ta sake tsoma tsumman a ruwa, ta matse, ta ɗora a hankali.