Ranar da Ɗalha Ya Hana Aro

In ka shiga Sule Tankarkar kana neman Ɗalha Mai Zanzana, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka zaurensa. Mutum ne da mutuwa ta yi ta zarya a ƙofarsa har ta gaji. Agana ta kama shi yana yaro, ta kwashe sa'o'insa, shi kuwa ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta yi masa zane a fuska ta wuce. Yunwa ta zo shekarar da shanu suka ƙare, ya ci tafasa ya miƙe. Babbar mota ta kife da shi a hanyar Gumel, aka zaro shi daga ƙarƙashin buhunan gero yana tambayar ina hularsa. Bai taɓa zama a ajin boko ba, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba.

Amma ba wannan ne babban abin taƙamarsa ba. Abin da yake bugun ƙirji da shi, tun da ya kafa gida ba a taɓa zuwa aro ƙofarsa an koma hannu rabbana ba. Gatari, tsani, tabarmin zaman makoki, tukunyar biki, kai, har babbar rigarsa an taɓa ara aka je ɗaurin aure da ita. Cewa yake, "Abin da ke gidan Ɗalha na gari ne. A je a tambaya daga nan har Gagarawa."

To, akwai jikarsa Khairiyya, 'yar ɗansa, budurwa mai koyon ɗinki a wani shago bayan kasuwa. Ƙurajen fuska sun matsa mata, irin na 'yan mata, yau su kwanta gobe su tashi. Yayanta Mannir da ke acaba tsakanin nan da Maigatari ya tausaya mata, ya sayo mata wani abu a kasuwar can. Ɗan dutse ne kore, sumul, kamar ƙwan zabuwa da aka ja shi ya yi tsawo, an soke shi a ƙarfe da mariƙi, in ka tura sai ya gara. Wai garawa ake a fuska, fata ta yi sanyi ta huce.

Masu firiji a ciki suke ajiye irinsa. Gidan Ɗalha babu firiji, amma akwai randar zaurensa, wadda ke zaune cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwanta har haƙori yake kamawa. Sai Khairiyya ta sa dutsen a ɗan kwano mai murfi, ta dasa kwanon a yashin. Ka ga dutse ya tare a gefen ƙafar Ɗalha ke nan.

Da ta tafi ɗinki, sai 'yan matan unguwa su fara sallama.

"Baba Ɗalha, wai a ba mu aron dutsen Khairiyya."

"Ɗauki mana, 'yar nan. Tsakuwa ce zan hana ki?"

Haka dutse ya zaga unguwa, gida gida, fuska fuska. Su kuwa matan nan, dutsen da suka sani tun kakanninsu shi ne na niƙa, kuma ba a yi wa dutsen niƙa sanyin hannu. Kowace ta ɗauka ƙurajen ake niƙewa. Sai ta dafe mariƙi ta danna, ta bi ta kan ƙurji har ya fashe, ta ce yauwa, ya mutu. Da yamma dutse ya dawo da maiƙon man shafawa da hoda da abin da Allah kaɗai ya sani. Khairiyya ta goga shi a gefen mayafi, ita ma ta hau nata niƙan.

Ba a daɗe ba fuskar yarinya ta rikice. Ƙurajen suka yi ja, suka kumbura, suka tara mugunya, suka gangaro har muƙamuƙi. Ta sa niƙabi, ita da ba ta taɓa sawa ba. Daga nan ta daina zuwa ɗinkin ma gaba ɗaya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, uwarta Zubaida ta ɗauke ta suka tafi asibiti a Gumel.

Ɗalha na zaure yana gyaran igiya suka dawo. Zubaida ta gaida surukinta ta shige. Khairiyya ta durƙusa ta tsaya.

"Amaryata, an dawo? Me suka ce, za su sake miki sabuwar fuska ko in nemi wata matar?"

"Baba Tsoho, yau ba wasa na zo ba."

"To, ina ji."

"Malamar asibiti ta ba ni magani na sha da na shafawa. Ta ce dutsen nan ba magani ba ne, sanyi kawai yake sa wa fata. Ta ce kada ya sake taɓa fuskata sai ƙurajen sun lafa. In sun lafa ma, sai na wanke fuska, na wanke shi da sabulu kafin in gara, in na gama in sake wanke shi ya bushe. Kuma a hankali ake yi, daga tsakiya zuwa gefen kunne, kamar ana shafa kan jariri. In an zo wurin ɗanyen ƙurji a kewaye shi."

"Wannan ai duk aikinki ne. Ni ina ruwana?"

"Saura ɗaya. Ta ce ba a aronsa. Abin da ya kwaso a fuskar wata shi yake sauke wa wata."

Ɗalha ya ajiye igiya. "Ba a me?"

"Ba a aro."

"A gidan wa? Ke, yarinya, kin san bakin da kike magana da shi? Ni da na ba da aron jakina rana tsaka na tako a ƙasa daga Maigatari! Yanzu a ce Ɗalha ya hana tsakuwa? Kwashe abinki ki kai ɗaki, kada in sake ganinsa."

"Ko a ƙarƙashin katifa na ɓoye, in aka roƙe ka ka aiko a karɓa, na isa in hana? Kai ake tambaya, Baba Tsoho, ba ni ba."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ta ɗaga niƙabin.

Rabonsa da ganin fuskar tun kafin ta rikice. Ya duba, ya sake dubawa. Shi fa ya san nauyin fuska. Yau yana taƙama da zanzanarsa, yana cewa tambarin jarumai ce, amma ya san shekarun da ya yi yana bin bayan gari don kada ya ratsa dandali 'yan mata su kalle shi. Wannan bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba yau zai fara ba.

"Sauke abinki," ya ce. "Shiga ki ci abinci. Kwanon kuma bar shi inda yake."

Bai yi mata alkawarin komai ba.

Aka yi sa'a kwana biyu ba wadda ta zo, don labarin fuskar Khairiyya ya tsorata 'yan matan. Amma tsoron mutane ba ya daɗewa. Wata safiya, dattawan unguwa na zaune a ƙofar zauren ana taɗi, sai ga Hajiya Asama'u da kanta. Matar marigayi Haladu ce, aminin Ɗalha, gidansu katanga ɗaya. Tsohuwa ce mai baki, 'ya'yanta maza sun kawo ƙarfi, ba a saba ce mata a'a ba. Jikarta Bilkisu za a aurar.

Aka gaisa, aka tambayi jiki da jikoki. Sannan ta ce, "Malam Ɗalha, dutsen nan na yarinyarku na zo karɓa. Amarya da ƙawayenta za su yi gyaran fuska, in an watse biki a dawo da shi."

Dattawa ba su ko ɗaga kai ba, don sun san amsar. Kwanon na nan a gindin randa, kowa na ganinsa. Da wani ne sai ya ce ya ɓata, ko ya ce yarinyar ta fita da shi. Ɗalha bai iya ƙaramar ƙarya ba, nasa duk manya ne, kuma a kan jarumtaka yake yin su. Ta bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida kuwa, ga yatsun ƙafar Khairiyya sun leƙo.

"Hajiya," ya ce, "ɗauki tukunya. Ɗauki tabarmi. Ga ragona can a turke, in kina so a ja. Dutse dai ba za a bayar ba."

Wani dattijo da ke shan fura ya tsaya da ludayi a baki.

"Ban ji ba," in ji Hajiya.

"Kin ji. Kunnenki ya fi nawa."

"Ikon Allah! Yau ni ake hana aro a gidan nan? Ƙyamarmu kuke yi ke nan. Jikata kuturta gare ta?"

"Jikarki lafiyarta ƙalau, shi ya sa ma. So kike a kai ta ɗakin miji da fuska kamar tawa?"

Dattawa suka ƙyalƙyale, sannan suka haɗiye dariyar da suka ga idon Hajiya.

"Ba abin dariya ba ne," ta ce. "Haladu na kwance a kabari. Da yana raye ba ka isa ka dubi idona ka faɗi haka ba."

"Da yana raye shi zai fara faɗa miki. Ya san lokacin da agana ta kwantar da ni. Uwata ta ware mini ƙoƙona da tsummana, ko ƙanena bai sha a ciki ba. Duk garin nan wa ya ce mata marowaciya? Abin da ya taɓa ciwo ba ya yawo, Hajiya. Dutsen nan ya yi yawo, ga yarinyata can ta kasa fita ƙofar gida."

"Wa ya ba da shi yawon? Ba kai ba?"

Nan ta kama shi, kowa ya sani. Amma Ɗalha ba a kama shi ya tsaya.

"Ni na bayar, ni na hana! Hannun da ya buɗe shi ke da ikon rufewa. Ki sa Mannir ya nuna wa yaranki inda ake sayarwa a Maigatari, amarya ta samu nata ita kaɗai, ta wanke abinta da sabulu. Kuma ki gaya mata ba gero ba ne, kada ta niƙa."

Hajiya Asama'u ta gyara mayafi. "Ashe tsufa rowa yake kawowa. Shekara da shekaru ana cika mana baki, abin gidan Ɗalha na gari ne. Yau gari ya gani. A kan tsakuwa!"

"A kan tsakuwa," in ji Ɗalha. "Ki gaida gida."

Kafin azahar magana ta gama unguwa. Kafin ranar kasuwa ta kai bakin mahauta. Aka sauke masa Mai Zanzana aka naɗa masa Ɗalha Mai Dutse. In ya wuce sai ka ji wani ya ce, "Baba, a ara mana inuwar bishiyarka, ko ita ma ta taɓa ciwo?" Shi kuwa ya juya ya ce, "Zo ka zauna, ɗan nema, inuwa ba ta da mugunya." Da aka yi bikin Bilkisu, daga wata unguwa aka aro tukunya, aka wuce da ita ta ƙofarsa don ya gani. Ya gani. Ya ce ƙarama ce.

Ita kuwa Khairiyya tana shan maganinta. Kumburin ya sauka, jan ya dushe, sai tabo nan da can da 'yan ƙuraje da ba su rasa ba. Da malamar asibiti ta sake dubawa ta ce to, sai ta koma ga dutsenta. Ta wanke shi a bakin rariya, ta zauna a zaure ta gara a hankali, tana kewaye duk inda ya yi tsini. Ɗalha na kallo ta wutsiyar ido.

"Sassauta hannu, ke. Na ga kina dannawa."

"Yaushe ka zama likita, angona?"

"Tun kafin a haifi ubanki."

Kaka ta yi, aka cire wake, harawar Ɗalha ta taru a gona tana jiran a kwaso. Duk unguwar amalanken shanu ɗaya ne, na Usaini, babban ɗan Hajiya Asama'u. Ɗalha ya aika a aro. Amsa ta dawo daga bakin Hajiya: a gaya masa amalanken ma fuska gare shi, ba ya yawo.

Mannir ya ce zai yi ta ɗaukowa a babur. Ɗalha ya ce babur na neman abinci ne, ya tafi aikinsa. Ya naɗa gammo, ya ɗauki igiya, ya nufi gona. Tsoho da ya ba saba'in baya, ya ɗaure dami ya ɗora a ka. Akwai hanya ta bayan gari wadda ta fi kusa, bai bi ta ba. Ta ƙofar Hajiya ya biyo, harawa na rangaji a kansa, gumi na bin ramukan fuskarsa.

"Hajiya, barka da hutawa! Ina gajiyar biki?"

Ya gyara zaman damin ya wuce.

A dawowarsa ta gaba ya yi kiciɓis da Khairiyya, ta fito da jakar ɗinkinta za ta shago, fuska a buɗe. Ta ce ya sauke ta kira masa wani. Ya ce ta wuce kada ta makara, ta kuma ɗaga kai in tana tafiya, ba satar fuskar ta yi ba.

Rana ta take sosai lokacin da Usaini ya tare shi a hanya, yana sosa ƙeya.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Maganar Hajiya ce, ka san halinta. Bari in ɗauro shanun yanzu."

Ɗalha ya tsaya, dami a ka. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Bar shanunka su huta, yaro. Matsa mini hanya, da sauran dami a gona."