Hujin da Ruwa Bai Nuna Ba

Shekara arba'in da ɗaya Malam Ɗangoggo ya yi yana faci, sha bakwai daga ciki a Durumi ta Abuja, a gindin wata bishiyar mangwaro da ke bakin titi. A Funtuwa ya koyi sana'ar, a kan kekunan manoma, kuma karatun da ubangidansa ya ba shi bai wuce layi ɗaya ba: ka hura tiyub, ka tsoma a ruwa, in da huji ruwa zai tona. Da wannan ya ci, da wannan ya aurar da 'ya'ya huɗu. Ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Sunan nan shi ne jarinsa, don in ka cire famfo da bahon ruwa da gwangwanin sholisho, babu abin da ɓarawo zai wahalar da ƙafarsa a kai a rumfar.

Sunan ne ya jawo masa 'yan tseren keke. Manyan ma'aikata ne, kowace Asabar da hantsi sai su taru a rumfarsa, su wajen goma sha biyu, da hular kwano da wando ɗamamme kamar an zuba su a ciki. Shigar ba ta yi masa ba, amma bai taɓa faɗa ba. Kekunan kuwa ya so su. Taya siririya kamar yatsa, keke ka ɗaga shi da hannu ɗaya.

Wanda ya fi kowa baki a cikinsu shi ne Abdulmajeed, mataimakin darakta a wata ma'aikata. Mutum ne da ba ya tambaya, sai dai ya sanar. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya tsaya da jif ɗinsa, ya sauke keke, ya miƙa wa Ɗangoggo wasu 'yan kwalaye biyu.

"Baba, a hankali fa. Daga Turai aka aiko min. Leteks ake ce masa, ɗanyar roba ce, ba irin baƙin nan naku ba. Ya fi sauƙi, ya fi gudu."

Ɗangoggo ya zare tiyub ɗin. Ruwan hoda, laushi kamar hanjin kaza.

"Ranka ya daɗe, wannan ai sai ka ce safar hannun likita. Zai ɗauki titin Abuja kuwa?"

"Kai dai saka. Ilimin ba naka ba ne."

Ya saka. Ya barbaɗa masa hoda, ya bi bakin tayar da babban yatsa sau biyu don kada ta cije shi, bai ko taɓa ƙarfen banƙara ba. Abdulmajeed ya hau washegari ya dawo yana yabo.

Juma'ar da ta zagayo sai ga jif.

"Baba, me ka yi min? Duk biyun sun sace!"

Ɗangoggo ya cire, ya hura, ya tsoma a baho. Ya bi tiyub ɗin taƙi taƙi, ya tsoma bawul, ya jira. Ko kumfa ɗaya. Ya zubar da ruwan ya sake sabo. Shiru.

"Yallaɓai, babu huji."

"To iskar aljanu suka sha?"

Ya mayar, ya cika iska. Bayan sati aka maimaita. Ran nan Ɗangoggo ya riƙe keken a rumfa don ya gani da idonsa. Ya cika taya da la'asar ta yi tauri kamar dutse, da safe ya matsa ya ji ta ɗan saki. Ya sake tsomawa har yatsunsa suka yi yaushi. Ruwa dai bai ce komai ba. Abin da bai sani ba, wanda shi ma mai kayan bai sani ba don bai karanta takardar kwalin ba, shi ne haka halin wannan robar yake. Iska na tsatsa ta jikinta a hankali, kullum sai an ƙara mata kafin a hau. Mutum ɗaya ne a ƙungiyar ya san haka, wani injiniya mai suna Justice, shi kuwa ya tafi gida gabas binne mahaifinsa.

Asabar ta uku Abdulmajeed ya yi maganar a gaban kowa. Ya matsa tayar, ya juya ga abokansa yana dariya.

"Jama'a, Baba ya tsufa. Ido ya tafi. Huji ɗaya sati uku ana nema! Ni dai in ya sake sacewa, akwai sabon shago a Wuse, can za mu koma gaba ɗaya."

Aka yi dariya. Ɗangoggo ma ya yi, irin ta wanda aka taka wa ƙafa a masallaci. Masu magana sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, amma ba su ce zai daina ciwo ba.

"Bar min shi zuwa Laraba, ranka ya daɗe. Ba zai ƙara sacewa ba."

Nan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya kama famfo. Ya tafi kasuwa ya zaɓo baƙin tiyub siriri guda biyu, irin wanda ya sani, ya saka su a keken. Masu ruwan hodar ya naɗe su ya ajiye a gwangwani. Ya yi niyyar faɗa. Ran Laraba ma har ya buɗe baki, sai Abdulmajeed ya matsa taya ya ce, "Yauwa! Ka ga huji ko?" Shi kuma ya ji harshensa ya ce, "An gyara." Daga nan hanya ta rufe. Mutum ya ce zai yi ƙarya ɗaya don ya tsare gaskiyarsa ta shekara arba'in, ai ya ɗaura akuya ne ta yi gadin dusa.

Taya ta daina sacewa. Abdulmajeed kuwa bakinsa ya buɗe. Kowace Asabar sai ya nuna ɗan agogon da ke kan kan keken, wanda ke auna gudu.

"Kun gani? Tun da na koma leteks na ƙara. A hawan dutsen nan ji nake kamar ana tura ni. Ku kuna nan da baƙar roba kamar masu tallan kalanzir."

Har ya sa mutum biyu suka yi odar nasu. Ɗangoggo na zaune yana jin wannan, kansa a ƙasa, yana goge sarƙar wani. Sati biyar aka yi a haka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Asabar ta shida, a hanyar Orozo, wata 'yar waya ta soki tayar baya ta keken Abdulmajeed. Justice ya dawo daga tafiya, shi ya durƙusa ya taya shi cire tayar, mutum goma na tsaye a kansu. Sai ga baƙin tiyub ya fito.

Da azahar suka iso rumfar. Abdulmajeed bai yi sallama ba, ya jefa tiyub ɗin a gaban tsohon.

"Ina kayana?"

Ɗangoggo ya tashi, ya ɗauko gwangwanin, ya buɗe. Suna nan a naɗe, ko ƙwarzane babu.

"Ga su, ranka ya daɗe. Na yi laifi da ban gaya maka ba. Huji ne ban samu ba, ka ce za ku tafi, ni kuma..."

"Za ka sayar da su ne, ba ka samu mai saye ba!"

"Wa zan sayar wa a Durumi? Mai baro?"

Justice ya ɗauki ɗaya ya duba. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ta isa.

"Oga, wannan abu ba huji. Haka take yi. Kullum safe sai ka sa iska, kowa ya sani. Baba ya faɗi gaskiya tun farko."

Sai wani daga baya ya ce, "Ashe gudun nan da ake ta ba mu labari, da baƙar roba aka yi shi?" Aka tuntsire da dariya.

Ɗangoggo ya ga fuskar Abdulmajeed, ya san an gama. Da a ce babu wannan dariyar, da wataƙila an yi faɗa an shirya. Amma babban mutum da aka ba zaɓi tsakanin ya zama wawa ko wani ya zama ɓarawo, ba ya daɗewa yana tunani.

"Justice, ba wannan ake magana ba," in ji Abdulmajeed. Ya juya harshe zuwa Turanci ya yi ta zuba, sannan ya dawo Hausa don tsohon ya ji. "Mutumin da zai canza maka kaya a ɓoye, me ba zai canza ba? Kowa ya je ya duba kekensa."

Justice ya dubi sauran, ya mayar da tiyub ɗin cikin gwangwani. Kafin la'asar an sa hoton rumfar a zauren wayarsu, da gargaɗi a ƙasa.

Asabar mai zuwa Ɗangoggo ya share gindin mangwaro tun da sassafe, ya jera benci. Suka zo suka wuce a jere, kai a sunkuye kamar ba su san wurin ba. Ya koma facin baro da kurar 'yan garuwa. Har mai shayin da ke gefensa, wanda bai san leteks daga lemo ba, ya ji labari cewa Baba ya saci kayan wani oga.

Bayan wata guda Justice ya zo shi kaɗai, ran Talata, birkinsa na kama taya.

"Baba, shagon Wuse ɗin nan ba su iya komai. Kai ne dai."

"Allah ya yi albarka. Kawo."

Ɗangoggo ya kife keken ya fara aiki. Da can Justice kan jingine keke ne ya tsallaka wurin mai shayi, sai an kira shi. Yau bai tsallaka ba. Ya tsaya a kan tsohon, hannu a ƙugu, yana ta hira mai daɗi, yana tambayar iyali, idonsa kuwa bai bar yatsun Ɗangoggo ba ko sau ɗaya.

"Ga benci nan, zauna mana," in ji Ɗangoggo.

"A'a Baba, ba komai. Nan ma ya yi."

Tsohon ya gyara zama, ya juya keken yadda mai shi zai fi ganin hannunsa sosai, ya ci gaba da ɗaure birkin.