Babban Yatsan Malam Tasi'u

Mudassir yaron kirki ne, wannan kam ba mai ja. Amma gaggawa gare shi tun yana rarrafe, kuma zaman Kanada bai rage masa komai ba. Da ya tashi buɗe kamfanin bandar kifi a Wudil, daga can ya tsara komai ta waya, ya ce mahaifinsa ne darakta, shi zai riƙa sa hannu a banki. Malam Tasi'u masunci, mutumin da ya tsufa a cikin kwalekwale, wai darakta! Ranar da 'yarsa Barakatu ta kai masa labari, dariya ya yi har da tari. Amma kafin la'asar duk bakin kogi an ji, kuma daga bakinsa aka ji.

Barakatu ce mai yi wa yayanta zirga-zirga. Ta samo masa Madam Rifkatu, lauya, matar wani malamin jami'a, wadda ta ce za ta yi rajistar, kuma ta san bankin da manajansa ke zama ya saurari tsofaffi, sai dai abin zai ɗau lokaci. Mudassir ya ce ina! Ya riga ya ga wasu 'yan Legas a intanet masu haɗa komai a dunƙule, rajista da hatimi da asusu a bankin da suke hulɗa da shi.

"Yaya, ko fuskarsu fa ba ka taɓa gani ba."

"Barakatu, yanzu ba a aiki da fuska."

A ba su haƙƙinsu, rajista ta fito da wuri. A banki aka yi cirko-cirko. Malam Tasi'u bai taɓa buɗe asusu ba, dole a ɗauki zanen yatsansa. Ya ɗora babban yatsa a kan na'ura, ta kawo ja. Ruwa da igiyar taru sun cinye zanen, fatar ta yi sumul kamar bayan cokali. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta gwada sauran yatsun, duk sammakal. Ta ce, "Baba, a yi haƙuri, a sake dawowa." Suka yi ta dawowa har mai gadi ya san su.

Sai wani ya ce masa in hannu ya huta zanen kan dawo. Shi ke nan, tsoho ya jingine kwalekwale a daidai lokacin da kifi ke kamuwa. Kullum ya shafa man kaɗanya ya naɗe yatsan da tsumma, ya zauna a ƙofar gida. Abokansa masunta in sun zo wucewa sai su ce, "Amarya, yaushe za a kwance lallen?" Ya ce musu su jira ranar da za su zo ofishinsa neman aiki.

Ana cikin haka Mudassir ya kira Barakatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. 'Yan Legas sun ce matsalar yatsa ba ta cikin aikinsu, canza suna ya fi sauƙi, wani abokinsa da suka haɗa jari kuma ya fara ƙorafi.

"Na sa an cire Baba, an sa ke. Don Allah ki gaya masa, ni ba zan iya ba."

"Kai da ka ɗora shi ba za ka iya ba, sai ni?"

Ta ji yana jan hanci, sai ta kashe wayar, don in ta ci gaba za ta faɗi abin da ba a gaya wa yaya.

Ta je bankin ita kaɗai. Tana ɗora yatsa na'urar ta karɓa, ko gardama babu. Wallahi ta so a ce ta ƙi. A cikin adaidaita ta yi ta kuka har direba ya tambaye ta ko rasuwa aka yi. Kuma ta kasa faɗa wa mahaifinta. Ta ci gaba da sayo masa man kaɗanya, tana jin kanta munafuka.

Wata safiya ya aika a kira ta. Ta same shi cikin babbar rigarsa ta Juma'a, hula ta sha kari. Ya kwance tsumman ya miƙo mata yatsan a cikin rana.

"Duba nan. Kin ga layi-layi? Tashi mu je."

Akwai su kuwa, siri-siri. Ta durƙusa.

"Baba, an riga an buɗe asusun. Yaya ya ce ba za a iya jira ba. An cire sunanka."

Ya daɗe yana kallon yatsan.

"Wa aka sa?"

"Ni."

"To, ai duk gida ne. Allah ya sa albarka."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Sannan ya kamo hannunta na dama, ya juya shi, ya kawo babban yatsanta kusa da idonsa yana dubawa.

"Naki da kyau," ya ce. "Ki rage wanki da omo, kada zanen ya goge, su cire ki."