Keken Ɗiyar Is'haƙa

Shekarata talatin da wani abu ina gyaran keke a gindin iccen bedi da ke bakin titi, kuma duk Dogon Dutsi an san dokata guda ce: ba na sayar da manet sai na ga keken da idona. Manet shi ne ɗan abin nan da ke kan keke daidai hannun dama, wanda in an danna, sarƙa ta tashi daga wannan faifan haƙori ta koma wancan, tuƙi ya yi sauƙi ko ya yi nauyi. Yaran lakwal, wato 'yan makarantar boko, suka kawo sunan, mu ma muka ɗauka. Wasu na cewa Ɗan'azumi ya cika tsanani. Su faɗa. Ba a taɓa dawo mini da kaya ana zagina ba.

Wata safiya bayan an gama yankan hatsi, Is'haƙa ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗan abokina ne marigayi, a hannuna ya girma kusan, yanzu ga furfura ta fara fito masa a gemu. Yana zaune a wata tunga bisa hanyar Dogon Kiriya, tafiyar sa'a biyu da ƙafa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƙafata, na tambayi damana. Sannan ya duba dama, ya duba hagu, ya zaro wani guntun kara daga aljihu ya miƙo mini. An yi masa tsaga bakwai da wuƙa.

Ya ce manet yake so na keke mai faifai bakwai a baya. Ya ƙirga da yatsansa, ga shaida.

Na ce, "Keken wa?"

Ya ce na wani ne.

Na san na wa ne, domin labarin ba ɓoyayye ba ne. Shekara biyu da suka wuce ɗiyarsa Hidaya ta ci jarrabawa ta shiga lise, babbar makarantar sakandare, a nan gari. Kawunta Abdulhakim, mai zuwa Kwatano fatauci, ya kawo mata keke na hannu, irin mai kaurin taya da ake hawan dutse da shi. Wata rana Is'haƙa yana zaune a rumfar masu hatsi, cikin mutane fiye da goma, wani ya tsokane shi da maganar, shi kuma ya buɗe baki ya ce ɗiyarsa ba za ta buɗe ƙafa bisa keke ta ratsa gari ba muddin shi ne mai gidan. Ya faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Yarinyar ta yi wata uku tana tafiya da ƙafa, har diddigenta ya tsage. Uwarta A'i ta gaji, ta fito da keken daga ɗaki ta ce ta hau. Is'haƙa bai hana ba, bai kuma yarda ba. Ya zama ba ya ganin keken. Ana jingine shi a bayan rumbu, in ya zo wucewa sai ya duba sama kamar mai neman hadari. Kusan shekara biyu ke nan, uba da ɗiya suna gaisawa safe da yamma, kalmar keke ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Yanzu manet ɗin ya karye. In hakan ta faru sarƙa takan faɗa kan ƙaramin faifai, mafi nauyi duka, kuma hanyarsu rairayi ne da hawa. Hidaya sai ta tuƙa kaɗan ta sauka ta tura. Sau huɗu tana iske an rufe ƙofar lise, an kuma gaya mata in ta sake makara ta zauna gida, ga shi shekararta ta ƙarshe ce. Is'haƙa ya gan ta daga gona tana turawa, gumi ya jiƙa mata hijabi. Abin da ya kawo shi ke nan. Yana so keken ya gyaru, ba ya so a san hannunsa a ciki.

Na mayar masa da karansa na ce ya kawo keken. Ya ce ba ya iyawa. Na ce to ni ma ba na iyawa. Ya roƙe ni da girman mahaifinsa. Na ce don girman mahaifinsa ne ma ba zan ba shi abin da ban tabbata da shi ba. Ya tashi ya kaɗe gwiwarsa, ya yi mini sallama a taƙaice, ya nufi cikin kasuwa.

Kwana uku ya dawo. Wannan karon bai duba dama da hagu ba. Ya zauna a kan tsohuwar tayar da nake ba baƙi, ya ajiye a gabana wani manet sabo fil da ya kwanto daga jikin keken.

Da ƙyar labarin ya fito. Ya je wurin wani yaro mai tebur, ya ɗauki manet ya kai kunne, ya danna yana ƙirgawa. Wanda ya yi ƙas-ƙas sau bakwai shi ya saya, tunda faifai bakwai ne. Ya jira ranar da Hidaya ta tafi gidan gwaggonta suna, A'i kuma tana rijiya, ya ɗaura da kansa, ya mayar da keken bayan rumbu yadda yake. Da safe yarinyar ta gani ta yi ta yi wa uwarta godiya, uwar tana cewa ita ba ta san komai ba. Ta hau ta tafi. A kan hawan da ke bayan gonarsa ta danna, sarƙa ta ƙi zama, ta yi tsalle daga wannan haƙori zuwa wancan, ƙafarta ta zame, ta faɗi. Gwiwarta ta gurje. Yana tsaye cikin karan hatsi yana kallo, ya kasa fitowa.

"Ta tashi da kanta?" na tambaye shi.

"Ta tashi. Ta duba ko wani ya gan ta. Ba ta ko yi kuka ba, Baba."

Na so in yi masa faɗa, kuma ya cancanta. Amma na duba fuskarsa na ga an riga ni. Sai na ce ya buɗe hannunsa. Na tambaye shi yatsu nawa, ya ce biyar. Na ce tsakaninsu fa, kafa nawa. Ya ƙirga ya ce huɗu. Na ce haka sarƙa take: tana zaune a kan faifai na farko tun ba ka taɓa komai ba, dannawa shida za ta kai ta na bakwai. Wanda ya yi ƙara sau bakwai na mai faifai takwas ne, takunsa ya fi gajarta, kowace dannawa yana ajiye sarƙa a wurin da babu mazauni.

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce to in ba shi mai shida ya tafi.

Na jawo akwatina na fito da guda biyu. Dukansu shida suke yi, na ba shi ya ji da kunnensa. Na ce amma ba gida ɗaya suka fito ba. Wannan in an danna yana jan waya da yawa, wancan kaɗan yake ja, kuma ƙarfen da ke baya mai tura sarƙa shi ya san wanda yake jin maganarsa. Wannan ba a tsaga shi a kara. Sai an gani.

Ya ce zai sa keken cikin buhu ya ɗoro a amalanke.

Na ce ya yi, amma wa zai hau? Keke a rataye jikin bedi daban yake, keke da mutum a kai cikin rairayi daban. Ni ƙafata ta daina, shi bai taɓa iyawa ba. Kuma ɗaya daga cikin biyun murɗawa ake yi, ɗayan da babban yatsa ake turawa, hannun mai keke shi ke zaɓe, ba hannun ubanta ba.

"Baba Ɗan'azumi, kana so ka kunyata ni."

"Ni ban kasance a rumfar hatsi ba ran nan. Kai ka kasance."

Ya bar manet ɗin da ya saya a gabana ya tafi, ban kuma sani ba ko zai dawo. Daren nan da washegari na yi ta tunanin ko na tsananta. Yarinyar ce za ta sha wahalar taurin kaina da nasa. Har na yi niyyar in aika wa A'i a asirce ta turo ta ita kaɗai. Ban aika ba.

Ranar Lahadi da hantsi ina cire ƙaya daga tayar wani mai madara, sai ya taɓa ni ya nuna titi. Is'haƙa ne tafe, riƙe da keken da hannu biyu kamar mai jan ɗan maraƙin da bai saba da igiya ba, feda tana bugun ƙwaurinsa kowane taku. Hidaya na bayansa da ɗan ɗingishi. Akwai lungun da zai bi ya ɓullo wurina ba tare da ya wuce rumfar hatsi ba, kuma ya san shi. Bai bi ba.

Daga inda nake ina jin su. Mukhtar, wani matashi mai awon gero wanda bakinsa ya fi mudunsa girma, ya ce, "Malam Is'haƙa, an yi sabon doki ke nan? Ba mu ji labari ba."

Is'haƙa ya tsaya. Ya ce, "Na ɗiyata ne. Ya lalace, gyara za mu kai." Ya ƙara gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da turawa. Wani ya yi dariya kaɗan, ba wanda ya taya shi, sai ya bari.

Hidaya ta durƙusa ta gaishe ni. Tun tana goye nake kiranta matata, don kakanta abokina ne. Na ce mata yanzu sai keke ya lalace ake tuna da tsohon miji. Ta ce mijin da ba ya zuwa zance ai shi ya fara yaji. Ta faɗa tana murmushi, amma idonta yana kan ubanta, wanda ya jingine keken a jikin bedi ya tsaya bai san inda zai sa hannunsa ba.

Na duba ƙarfen baya, na goge ƙasa na ga irinsa. Cikin biyun da na nuna masa, mai murɗawa bai dace ba sam, da ya ɗauke shi da an sake faɗuwa. Na tona akwati na sami wani mai murɗawa na gidan da ya dace, na haɗa da mai yatsa na ba ta ta gwada. Ta juya wannan, ta danna wancan. Ta ce mai murɗawa in hannu ya yi gumi zamewa yake yi, ta fi son mai yatsa. Na ce ta fi ubanta sanin keke. Is'haƙa ya ce ai ba abin mamaki ba ne.

Wayar da ya ɗaura ya lanƙwasa ta wuri biyu, na cire na sa sabuwa. Ina cirewa Hidaya ta ga yadda aka ɗaure bakinta da zaren buhu, ƙulli irin wanda ake yi wa damin hatsi. Ta san hannun. Ta dube shi, shi kuma ya sami abin kallo a jikin icce. Ta dai matsa ta riƙe masa gefen keken da yake riƙe mini.

Da na gama na ce ta hau ta je har wurin mai shayi ta dawo, ta bi ta gefen titi inda rairayi yake, tana dannawa ɗaya-ɗaya. Ta kama keken, sannan ta tsaya. Ba ta taɓa hawa a gabansa ba. Kullum sai ta tura ta wuce gonarsa tukuna.

Ta ce, "Baba, in hau?"

Ya ce, "To mi muka zo yi? Hau, Hidaya. A hankali da gwiwar nan."

Ta tattara zaninta ta hau. Na ce masa ya saurara, shi da ke da kunnen ƙirga. Ya bi ta taku kaɗan yana karkata kai, bakinsa yana motsi. Da ta dawo ya ce a dannawa ta huɗu ya ji sarƙa tana gunaguni. Gaskiyarsa. Na murɗa 'yar kusar da ke bakin waya rabin juyi, ta sake zuwa. Wannan karon ta wuce mai shayi, ta wuce rumfar hatsi, ta juyo. Shida cif, kowacce ta zauna. Is'haƙa yana tsaye a tsakiyar hanya, kabu-kabu na yi masa oda, sai da na jawo rigarsa.

Da za su tafi Hidaya ta ce za ta tura su koma tare. Ya ce ba ya son shirme, rana ta yi, ta hau ta riga shi ta ce wa uwarta ta ajiye masa fura. Ta hau, ta tafi tana waiwaye har na yi mata tsawa ta duba gabanta.

Shi bai tafi nan take ba. Ya koma kan tayar baƙi ya zauna, ya tambaye ni wane mai ake sa wa sarƙa, don ya ga ta bushe, kuma akwai man gyaɗa a gida. Na ce kada ya kuskura, rairayi zai manne ya cinye haƙoran. Na zuba masa man inji a 'yar kwalba, na ce ɗigo-ɗigo, sau ɗaya a mako, ya goge da tsumma bayan ya sa. Ya sa na maimaita masa. Ya naɗe kwalbar a cikin hularsa don kada ta zube, ya kama hanya da kai a buɗe.