Mutumin da Ke Cikin Rigar Zomo

Zomon ya durƙusa a bakin ramin ƙwallayen roba, ya dafa raga da hannu ɗaya, yara kuwa suka ɗauka sabon wasa ya zo da shi.

"Ku hau shi!" in ji Borko, mijin 'yata, yana ɗaga wayarsa sama. "Lenka, kama kunnen! Ja da ƙarfi, yau ranarki ce!"

Bikin zagayowar ranar haihuwar jikata Lenka ake yi, a gidan wasan yara da ke ƙasan benenmu, jikin shagona na gyaran gashi. Yara suka yi caa a kansa, wani a wuya, wani a gadon baya, har ya kife a kan katifa. Mu iyaye muna zaune da kofunan kofi muna ta dariya, ni har da tafi. Sai da na ga ƙafarsa tana wata irin karkarwa wadda ba ta wasa ba, sannan dariyar ta maƙale mini.

Gordana, mai kula da wurin, ta fito daga kicin ɗauke da kek. Tana ganinsa ta saki farantin.

"Baba!"

Ta ture yaran, ta kama ƙaton kan zomon za ta cire. Hannuwan nan biyu masu farin gashi suka taso suka riƙe shi gam. Wata murya ta fito daga ciki a shaƙe, muryar da na sani tun ina amarya a wannan bene.

"Fitar da yaran tukuna."

Milutin ne, mahaifinta, maƙwabcina na hawa na uku.

A da, Milutin shugaban ma'aikata ne a masana'antar motoci ta garinmu Kragujevac. In ya sauko daga bene, samari kan ɓoye sigarinsu a baya. Da aka rage ma'aikata har da shi, matarsa Radmila ce ta buɗe gidan wasan: katifu masu launi, ramin ƙwallaye, wurin zamiya, ragar hawa. Ita mai fara'a ce, yara kan bi ta kamar kaji. Bayan rasuwarta Milutin ya riƙe wurin yadda ya iya riƙe masana'anta. Usur yake busawa, yana sa 'yan shekara uku su yi layi kafin su hau zamiya. Da aka buɗe sabon gidan wasa a babban kantin da ke ƙetaren kogi, iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Ranar Asabar sai ka gan shi shi kaɗai yana goge daɓen da ba wanda ya taka.

Shi ne Gordana ta bar aikin otal a Austriya ta dawo gida. Ta sake fenti, ta sa kujeru masu laushi saboda iyaye, ta sayo injin kofi, ta riƙa sa hotuna a waya. Duk da haka mutane ba su dawo ba. Wata rana ina wanke wa wata mata kai na ji muryar Gordana ta bango.

"Baba, ba katifu ne matsalar ba. Kai ne. Yara tsoronka suke ji, iyaye kuma ba sa son warin taba. Don Allah ka daina tsayawa a ƙofa."

Daga nan muka daina ganinsa Asabar da Lahadi. Gordana ta ce ƙauye yake zuwa, wajen itatuwansa da amyoyin zuma.

A lokacin ne zomon ya bayyana. Da farko wani ɗalibi ne dogo yake sa rigar, yana tsalle yana kifar da kofuna. Ba mu lura da ranar da aka canja shi ba, mun dai ga zomon ya rage tsawo, ya kuma rage rawar kai. Ba ya magana. Yakan je ya zauna kusa da yaron da ya maƙale a lungu, ya jira har yaron ya taɓa kunnensa. Mai tsoron zamiya kuwa ya riƙe masa hannu, su hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Labari ya bazu, har daga wasu unguwanni ake zuwa "gidan zomo". Ni kaina sai da na yi wa Gordana magiya kafin ta samar wa Lenka rana.

Akwai benci a gaban benen inda muke zama da yamma, zomon kuma yakan tsaya a ƙofa yana raba balan-balan. Ratko, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin Milutin, ba ya wucewa sai ya ja masa wutsiya.

"Kai yaro, ina ubangidan naka? Ya sakar wa 'yarsa kaya ya tafi ƙauye shan barasa, ko? Ka dage da karatu, ka ji, kada ka tsufa a cikin wannan buhun."

"Ai gara da ya tafi," in ji ni. "Fuskar nan tasa ko madara ta kalla sai ta tsinke."

Benci ya ɗauki dariya. Zomon ya tako a hankali, ya miƙo mini balan-balan ja. Na karɓa na ce masa ya gaida mamansa.

Ranar bikin, bayan an kora yaran zuwa shagona, ma'aikatan motar asibiti suka yanke rigar da almakashi. Daga shi sai singileti da gajeren wando, ya jiƙe sharkaf, furfurarsa ta manne a goshi. Gadonsu bai iya bi ta ƙofar baya ba, wadda ashe ta nan yake shiga, sai suka fito da shi ta gaba. Duk benen ya leƙo ta taga. Ƙafafun zomon suna nan a jikinsa, farare, manya, sun leƙo daga ƙarƙashin bargo. Ya ɗora damtse a kan fuskarsa. Ratko yana tsaye a bakin benci, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Bidiyon Borko kuwa tuni ya tura wa dangi, dangi sun tura gaba.

Zuciya ce, in ji likitoci. Na dafa miyar kaza na tafi asibiti, amma da na isa ƙofar ɗakin na kasa turawa. A nan Gordana ta same ni.

"Gwaggo Vida, ki shiga mana."

"Bari miyar ta ɗan huce."

Ta jingina da bango kusa da ni. Idanunta sun kumbura.

"Da ɗalibin ya gudu saboda zafi, a sito na tarar da Baba ya sa rigar, yana koyon tafiya a gaban madubi. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na san yadda cikin rigar nan yake, Gwaggo, na taɓa gwadawa, ko minti kaɗan ban iya ba. Amma waya ta fara ƙara ba dare ba rana, kowa zomo yake so. Sai na yi shiru."

Na tura ƙofar.

Ya yi ƙanƙanta a kan gadon. Ya kalli kwanon da ke hannuna.

"Maƙwabciya. Miyar nan taki marar gishiri kika biyo ni da ita har nan?"

"Likita ya hana ka gishiri, maƙwabci."

"Ke kin riga likita da shekaru."

Na zauna. Ya tambaya yana kallon rufi.

"Ratko ya gan ni?"

"Kowa ya gan ka."

Ya juya fuska bango. Kunnensa ya yi ja kamar na yaron da aka kama da laifi.

"Ni da nake ba sashe guda umarni a masana'anta. Da wutsiya."

"Milutin, maganar da na yi ran nan a benci..."

"Ta madara? Radmila ma ta sha faɗa, ba ke kika fara ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kin san abin da ya fi damuna? In na sa kan nan, yara sukan zo su jingina da ni. Haka kawai. Wani har barci ya yi a cinyata. Gordana ba ta taɓa yi mini haka ba tana ƙarama, in ta ji takuna a matakala ɗaki take shigewa. Sai da na rufe fuska, Vida."

Na buɗe kwanon don in sami abin kallo. Ya sha kaɗan ya ture cokalin.

"Lenka ta ci kek ɗinta?"

"Ya faɗi ƙasa. Ita kuma tun ranar ba ta cin abinci. Ta ce ita ta ja kunnen zomo har ya mutu."

Ya yunƙura zai tashi, na danne kafaɗarsa.

"Ki ce mata zomo ya gaji ne, ya tafi ƙauye hutawa. Ki ce ya ce ta iya ja, bai ji zafi ba. Kuma a yi mata wani kek ɗin. Ki gaya wa Gordana, kada ta soke bikin kowa saboda ni. Da ƙyar mutanen nan suka dawo."

Da na fito na ga Ratko a bakin ƙofar asibiti riƙe da ledar lemu. Ya tambaye ni jikin, na ce ya shiga ya gani da idonsa. Ya ce to. Ina hawa bas na hango shi ya miƙa wa mai gadi ledar ya juya.

Milutin ya rasu ranar Laraba da hantsi, Gordana tana yi masa aski. Ta ce ta gama ɓangare ɗaya ke nan.

Ba ta rufe wurin ba, ba ta kuma soke bikin kowa ba. Ta ɗauki 'yan mata biyu masu yi wa yara zane a fuska. Iyaye sun yi ta tambayar zomo, ta ce babu, ba kuma za a sake ba. Wasu sun koma ƙetaren kogi, da yawa sun zauna.

Ranar jana'iza, da muka dawo daga maƙabarta, ɗakinsa ba zai ɗauke mu ba, sai Gordana ta buɗe gidan wasan. Ta tsaya a ƙofa cikin baƙaƙen kaya.

"Ku yi haƙuri, a cire takalma. Gobe yara za su hau katifun."

Kowa ya sunkuya ya cire. Borko ya matsa kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa.

"Gordana, na goge bidiyon."

"Daga wayarka," in ji ta, ta miƙa masa faranti.

Kujeru masu laushin ba su isa ba, aka bar wa tsofaffin mata. Maza suka zauna a kan 'yan kujerun yara, shuɗi da rawaya da kore, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Aka zaga da dafaffiyar alkama mai sukari, wadda ake ci don mamaci, kowa ya ɗebi cokali guda. Ba mai kallon wani. Ratko yana can ƙarshen layi a kan jar kujera, kwat ɗinsa ta taru a wuya. Safarsa ta hagu ta huje, babban yatsansa ya leƙo. Ya ɗaga ɗaya ƙafar a hankali ya rufe shi.