Ranar da Na Kai Cikin Balaraba Awo

Daren jiya na yi wani mafarki. Na ga matata Balaraba, mai cikin wata bakwai, zaune a bakin gado, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Ta kwance cikin kamar ƙunshin wanki, ta ɗaura mini shi da zane.

"Malam, yau kai za ka kai shi awo. Ka ce su auna jini, kaina kamar zai tsage."

Na sa hula na fita. Ashe a ƙasar nan asibiti ƙafafu huɗu gare shi kamar bijimi, kuma kullum gabansa birni yake kallo. In na matsa, ya matsa. Sai da ya tsaya shan ruwa a rafi na kama jelarsa na hau.

A kan benci na tarar da wata tsohuwa, kusa da ita wani dattijo mai furfura a gemu.

"Inna, maigida ne ya rako ki?"

"Wane maigida? Cikin da na kawo awo ke nan. Saura kaɗan layi ya zo kanmu."

Sai ga ni gaban Sista. Zabuwa ce cikin farin kaya. Ta kalli cikin da ido ɗaya.

"Sai yanzu ka ga damar zuwa? Da kuke jin daɗinku, da ni kuka yi shawara?"

Na ba ta haƙuri yadda nake ba iyayen yara a makaranta, na ce jini kawai za a auna.

Ta nuna taga da baki. Na leƙa, na ga abin awon jinin ɗaure a ƙafar asibitin ta gaba, wasu kaji biyu suna matsa shi.

"Baƙi za su zo daga ƙasar waje," in ji ta. "Dole su tarar da ginin da ƙoshin lafiya."

A ɗakin likita babu kowa sai farar riga rataye a ƙusa. Na yi sallama, rigar ta amsa da fara'a.

"Mai ni yana asibitinsa na kansa. Amma faɗi matsalarka, ni ma na daɗe a aikin."

Na faɗa. Rigar ta ɗaga hannu ta dafa ƙusa, ta ce zafin rana ne, a yi hoton ciki.

An ɗauke wuta, don haka wani mai zanen bayan manyan motoci ne ke yin hoton. Ya kara kunne a cibiyata, ya tsoma buroshi, ya zana zaki yana kokawa da maciji.

"Barka, Malam. Namiji ne."

Daga ciki na ji wata 'yar murya: "Baba, wannan ba ni ba ce. Nan ciki akwai zafi, ka ce su yi sauri."

Na koma wurin Sista da gudu, ruwan sama yana tsatstsafowa daga siminti yana jiƙa silin.

"Sista, don girman Allah."

"Ranar awo Talata ce."

"Ai yau Talata."

"Talata ta tafi taron bita a birni. In ta dawo za mu sanar a rediyo."

Na dafa cikin na ce, "'Yata, kin ji, ki ƙara haƙuri." Ba ta amsa ba. Na ƙwanƙwasa a hankali, kamar ƙofar ajin da ake jarrabawa. Shiru. Na girgiza shi, na kira, na sake kira.

Ƙarar babur ce ta tashe ni. Maƙwabcina Tanimu ne ke bugun kik, zai fita kasuwar gari da buhu ɗaure a baya. Balaraba tana zaune a bakin gado, ta riƙe kai da hannu biyu.

Na fita ba takalmi.

"Tanimu! Sauke buhun nan, mace za ka ɗauka."